Toshewar Kusurwar Ido: Gilakomar da Ake Iya Buɗe wa Hanya

Laccar da aka gabatar a taron wayar da kai kan lafiyar ido, cikin Makon Gilakoma na Duniya





Duk watan Maris akan ware mako guda a duniya domin magana kan gilakoma, cutar da mutanenmu suka fi sani da hawan jinin ido. Abin da aka saba faɗa a irin wannan taro shi ne tana cin gani a hankali, ba ciwo ba ja, kuma ba a warkar da ita, sai dai a riƙe ta da magani iya rai. Wannan gaskiya ne game da nau'in da ya fi yawa a cikinmu. Amma yau a kan wani nau'in dabam nake so mu zauna, wanda ake kira gilakoma mai toshewar kusurwa. Asalinta hanya ce ta toshe a cikin ido, hanyar da likita zai iya leƙawa ya gani, kuma ya buɗe. Saboda haka wanda ya makance da ita galibi ɗayan biyu ne ya same shi: ko bai zo da wuri ba, ko ya zo amma ba a leƙa inda matsalar take ba. Wannan shi ne jigon maganata.

Yadda ruwa yake zagayawa a cikin ido

A gaban ido akwai wani tantani garai-garai mai ɗan tudu, likitoci na kiran sa koniya. A bayansa akwai baƙin ido, wanda faifai ne na tsoka, a tsakiyarsa da ƙofar haske, wadda take buɗewa a duhu ta tsuke a rana. A bayan wannan ƙofa lensin ido yake, shi ne wanda idan ya yi fari muke cewa mutum ya yi yana. Can a bayan ƙwayar ido kuma jijiyar gani ce, mai ɗauke da zare sama da miliyan 1, tana kai abin da ido ya gani zuwa ƙwaƙwalwa.

A bayan baƙin ido ake samar da wani ruwa mai tsabta dare da rana. Ba hawaye ba ne, ba kuma jini ba ne. Yakan bi ta ƙofar haske ya fito gaba, ya ciyar da koniya da lensi, sannan ya fice ta wata matata mai ƙananan ƙofofi da ke zagaye da ido, daidai inda gefen baƙin ido ya haɗu da koniya. Wannan mahaɗa ita ce kusurwar da muke magana a kai. Muddin abin da ake samarwa yana daidai da abin da ke fita, matsin ido yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21 a ma'auninmu.

Ku ɗauki misalin tsakar gida da damina. Ruwa yana iya taruwa saboda rariya ta cushe da ƙasa daga ciki, alhali bakinta a buɗe yake. Wannan ita ce gilakoma mai buɗaɗɗiyar kusurwa. Yana kuma iya taruwa saboda tabarma ta rufe bakin rariyar, alhali rariyar lafiyarta ƙalau. Wannan ita ce mai toshewar kusurwa, kuma tabarmar ita ce baƙin ido.

Me ke tura baƙin ido ya rufe matatar? A mafi yawan mutane, lensi ne yake matsowa gaba ya jingina da bakin ƙofar haske, ruwan baya ya kasa wucewa da sauƙi. Sai ya taru a baya, ya kumburo da baƙin ido zuwa gaba, har gefensa ya manne da matatar. Wani likitan Amurka, Edward Curran, shi ya bayyana wannan a 1920. Idan matsi ya hau, jijiyar gani ce take shan wahala, kuma zaren da ya mutu a cikinta ba ya dawowa.

Girman matsalar

A 2006, Harry Quigley da Aimee Broman na Jami'ar Johns Hopkins sun yi ƙiyasin cewa zuwa 2010 mutum miliyan 4.5 za su makance a ido biyu saboda mai buɗaɗɗiyar kusurwa, miliyan 3.9 kuma saboda mai toshewar kusurwa. Abin lura shi ne masu toshewar kusurwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu gilakoma, amma sun ɗauki kusan rabin makantar. Wato ta fi ƙaranci, amma ta fi saurin makantarwa. Ta fi yawa a gabashin Asiya, musamman Sin da Mongoliya, da kuma mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara.

Wannan ya sa aka daɗe ana ɗauka cewa ba cutarmu ba ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gyara mana wannan tunani. An duba mutum 13,591 masu shekara 40 zuwa sama. Sakamakon da Farfesa Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar a 2015 ya nuna kashi 5 cikin 100 suna da gilakoma. Cikin masu gilakomar da aka duba kusurwar idonsu, kashi 86 buɗaɗɗiya ce, kashi 14 toshewa ce. Wato kusan ɗaya cikin bakwai. Kashi 5.6 kawai na masu cutar suka san suna da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ɗaya cikin bakwai ba adadin da za a kau da kai a kansa ba ne, musamman tunda maganin wannan ɗayan ya sha bamban da na sauran shidan.

Su wa ta fi kamawa?

Ta fi kama wanda idonsa yake da cunkoso a gaba tun halitta. Na farko, masu gajeriyar ƙwayar ido, waɗanda suka fi ganin nesa, suke buƙatar tabarau mai ƙara girman rubutu tun kafin tsufa. Na biyu, manya, saboda lensi ba ya daina girma. Yana ƙara kauri shekara bayan shekara yana cinye fili, shi ya sa cutar ta fi bayyana bayan shekara 50. Na uku, mata: kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita a duniya mata ne, domin gaban idonsu ya ɗan fi na maza ƙunci. Na huɗu, gado. Siffar ido ana gadonta kamar yadda ake gadon tsayi, don haka 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya na wanda aka gano yana da ita su ne farkon waɗanda ya kamata a duba.

Fuskarta ta farko: farmakin farat ɗaya

Wani lokaci kusurwar takan rufe gaba ɗaya a cikin 'yan sa'o'i. Matsi ya tashi daga 15 ko 16 ya kai 50, 60, har 70. Galibi da yamma ko da dare abin yake faruwa, domin a duhu-duhu ƙofar haske takan buɗe rabi, kuma a wannan hali ne toshewar ta fi sauƙi. Mutum zai ji ciwo mai tsanani a ido ɗaya, ya hau goshi da rabin kai. Gani ya dusashe kamar hazo. Idan ya kalli fitila zai ga zobe mai launin bakan gizo ya zagaye ta. Sai tashin zuciya da amai. Mai dubawa zai ga idon ya yi ja, koniya ta yi dishi-dishi, ƙofar haske ta buɗe ta ƙi motsi ko an haska mata tocila. Idan aka taɓa idon ta saman fatar ido da yatsu biyu, za a ji shi tauri ƙwarai idan aka gwada da ɗayan.

A nan ne ake yawan ɓata hanya. Saboda ciwon kai da amai, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a sa ruwa, a yi allura, ba wanda ya kalli idon. Saboda jan ido, sai a ce afolo ne, a sayi maganin ɗigawa a kemis. Alhali bambanta su ba wuya. Afolo yana zuwa da kwantsa da ƙaiƙayi ko jin kamar yashi, yakan kama ido biyu, kuma idan an goge kwantsar mutum yana gani sarai. Wannan kuwa ido ɗaya ne, ciwon daga ciki yake, kuma gani ya ragu. Ina roƙon kowa ya riƙe wannan: jan ido mai ciwo, tare da raguwar gani da amai, ba ya kwana a gida. Da sa'o'i ake lissafinsa. Kwana biyu ko uku cikin irin wannan matsi sun isa su kashe jijiyar gani.

Akwai kuma waɗanda abin yake yi musu gargaɗi tukuna. Da magariba su ji ciwon ido da hazo da zoben fitila, su kwanta barci, da safe ya wuce, saboda ƙofar haske tana tsukewa a cikin barci sai hanyar ta buɗe. Wanda yake samun haka a kai a kai, ya je a duba shi kafin babban ya zo.

Wasu magunguna suna iya tayar da farmakin ga mai ƙuntatacciyar kusurwa, saboda suna buɗe ƙofar haske: maganin ɗigawa na atirofin, Buscopan na murɗar ciki, magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, amitiriftilin, da wasu magungunan shaƙa na asma idan tururinsu ya shiga ido. Zaƙami ma yana ɗauke da sinadaran da ke yin wannan aiki. Ba cewa nake a guji waɗannan magunguna idan likita ya rubuta ba. Cewa nake, tsohuwar da ta sha ɗayansu sannan ido ya fara mata ciwo, a gaggauta kai ta wurin masu duba ido.

Fuskarta ta biyu: mai tafiya a ɓoye

Wannan ce ta fi damuna, domin ita ce ta fi yawa a tsakanin baƙar fata. Kusurwar ba ta rufewa lokaci guda. Gefen baƙin ido yana taɓa matatar yana saki, yana taɓawa yana saki, har ya manne da ita ɗan kaɗan-kaɗan, mannewar tana zagaya ido shekara da shekaru. Ba ciwo, ba ja. Matsi yana hawa a hankali, ganin gefe yana raguwa. Mutum yakan fara tuntuɓe da abin da ke gefensa, ko babur ya fito masa bai gan shi ba, alhali yana iya karanta rubutu da ke gabansa.

Idan irin wannan mutum ya zo asibiti, aka auna matsi aka ga ya hau, aka leƙa jijiya aka ga ta lalace, kamanninsa da mai buɗaɗɗiyar kusurwa ɗaya ne sak. Idan ba a duba kusurwar ba, sai a rubuta masa maganin ɗigawa a sallame shi. Zai yi ta saye yana ɗigawa, toshewar kuwa tana ci gaba, domin ba a taɓa asalin matsalar ba.

Yadda ake gano ta

Awon matsi kaɗai ba ya gano wannan cuta. Mutum yana iya zuwa da safe matsinsa 17, alhali kusurwarsa ta kusa rufewa. Gwajin da yake raba gardama shi ne goniyoskofi. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a ɗora wani ɗan gilashi mai madubi a kan ido, likita ya leƙa kusurwar ta kowane ɓangare da na'urar duba ido. A ɗaki mai duhu ake yi, saboda haske yana tsuke ƙofar haske ya buɗe kusurwar ta yi kamar lafiya lau. Likita yakan ɗan danna gilashin ya gani: idan kusurwar ta buɗe, taɓawa ce kawai, idan ta ƙi, ta riga ta manne. Minti biyu zuwa uku ne, ba zafi. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Alexios Trantas na ƙasar Girka ya fara leƙa kusurwar tun farkon ƙarni na 20, kuma Hans Goldmann na Suwizalan ya fito da gilashinsa mai madubi a 1938. Akwai na'urorin ɗaukar hoton kusurwa na zamani, suna da amfani, amma rashinsu ba uzuri ba ne.

Inda babu likitan ido, ma'aikacin lafiya yana iya amfani da tocila. A haska ta daga gefen kunne, a kwance da baƙin ido. Idan duk faifan ya haskaka, gaban idon yana da zurfi. Idan ɓangaren hanci ya yi inuwa, baƙin idon ya kumburo gaba, a tura mutumin inda za a yi masa cikakken gwaji.

Tun 2002 masana suka amince da matakai uku. Matakin farko, kusurwa ta ƙuntata har baƙin ido yana taɓa matatar a rabin zagayen ko fiye, amma matsi da jijiya lafiya. Mataki na biyu, an fara samun mannewa ko hauhawar matsi, jijiya kuwa ba ta taɓu ba. Mataki na uku, jijiya ta lalace, ganin gefe ya ragu. A nan ne kawai ake kiran ta gilakoma. Wanda aka tara a mataki na biyu, ana iya cece shi bai rasa komai ba.

Maganin gaggawa

Idan mai farmaki ya iso, aikin farko shi ne sauke matsi. A kwantar da shi rigingine domin lensi ya ɗan koma baya. A ba shi maganin ciwo da na amai. A ba shi asitazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox, miligiram 500, ta jijiya idan yana amai. A ɗiga masa timolol da birimonidin domin rage samar da ruwa, da maganin kumburi mai sitiroid. Filokafin, wanda yake tsuke ƙofar haske ya janye baƙin ido daga kusurwa, ba ya aiki sosai idan matsi ya yi tsanani, don haka akan jira matsin ya fara sauka. Idan duk wannan bai wadatar ba, a sa manitol ta jijiya. Likitan ido yana iya danna tsakiyar koniya, ko ya yi amfani da leza ya janye gefen baƙin ido, ko ya zare ɗan ruwa da siririyar allura.

Waɗannan magunguna ba na saya wa kai ba ne, kuma dole a yi tambaya kafin a bayar. Timolol yana da haɗari ga mai asma da mai jinkirin bugun zuciya. Manitol yana da haɗari ga mai ciwon zuciya ko ƙoda. Asitazolamaid kuwa, ban da masu ciwon ƙoda, ana gudun sa ga masu sikila domin yana iya tayar musu da ciwo, kuma kun san yadda sikila take da yawa a ƙasarmu.

Buɗe hanya

Saukar matsi ba warkewa ba ce. Mutane da yawa sukan ji ciwo ya lafa su koma gida, sai farmakin ya dawo. Maganin asali shi ne a yi wa ruwan wata hanya. A 1857 Albrecht von Graefe na birnin Berlin ya bayyana cewa yanke ɗan ɓangaren baƙin ido yana warkar da irin wannan farmaki, tun kafin a fahimci dalilin. A yau da leza ake yi. A huda wani ɗan ƙaramin rami a gefen baƙin ido, ruwan baya ya riƙa wucewa kai tsaye, kumburin ya sace, kusurwa ta buɗe. A zaune ake yi, cikin 'yan mintuna, ba yanka ba ɗinki, mutum ya koma gida ranar. Inda babu leza, ana yin ramin da ƙaramar tiyata, kuma yana aiki.

Akwai ƙa'idar da ba a sassauci a kanta: a yi wa ɗayan idon ma. Idanu biyu ƙira ɗaya ne, kuma an ga cewa kusan rabin waɗanda ba a yi wa ɗayan ba, shi ma yakan kamu cikin shekara biyar. Marasa lafiya sukan ce, "Likita, wannan ai lafiyarsa ƙalau, a bar min shi." Hausawa sun riga sun ba da amsa: idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Bincike biyu sun sauya yadda muke yanke shawara. Na farko, wanda ake kira EAGLE, ya fito a mujallar Lancet a 2016. An ɗauki mutum 419 masu shekara 50 zuwa sama, masu gilakomar toshewa ko toshewa mai matsi 30 zuwa sama. Rabi aka yi musu leza, rabi aka cire musu lensi aka sa na roba ko da ba su da yana. Bayan shekara uku, kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka cire wa lensi ne suke buƙatar maganin sauke matsi, alhali cikin 'yan leza kashi 61 ne. Dalilin a fili yake: lensin roba siriri ne, yana buɗe fili a gaban ido. Darasin da ya shafe mu shi ne, mai toshewar kusurwa da ya fara yana, kada a ce masa ya jira ta nuna. Aikin yana a wurinsa maganin cuta biyu ne, kuma aiki ne da likitocinmu suka ƙware a kai.

Na biyu, mai suna ZAP, an yi shi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya fito a 2019. Mutum 889 da ke matakin farko aka yi wa leza a ido ɗaya aka bar ɗayan. Bayan shekara shida, cutar ta ci gaba a ido 19 cikin waɗanda aka yi wa, da 36 cikin waɗanda aka bari. Leza ta rage haɗarin da kusan rabi, amma haɗarin tun asali kaɗan ne. Don haka ba kowane mai ƙuntatacciyar kusurwa ne yake buƙatar leza ba. Akan fifita mai ido ɗaya, da mai tarihin cutar a gida, da mai shan magungunan da na ambata, da mai ciwon sukari da za a riƙa buɗe masa ido don duba bayansa, da wanda gidansa yake nesa da asibitin ido. Wannan na ƙarshe ya shafi mutanen karkararmu ƙwarai.

Idan mannewar ta yi yawa, leza kaɗai ba ta isa. Sai a haɗa da maganin ɗigawa na kullum, ko a yi tiyatar buɗe sabuwar magudana, ko a yi amfani da wata lezar a rage samar da ruwa. Akwai kuma waɗanda gindin baƙin idonsu ne ya turo gaba tun halitta, kusurwarsu ba ta buɗewa ko an huda ramin. Shi ya sa ake maimaita goniyoskofi bayan leza.

Dangoginta

Akwai toshewar da wata cuta ce ta jawo ta, kuma maganin kowace yana bin sanadinta.

Ta farko ita ce yanar da aka bari ta tsufa har ta kumbura ta toshe hanya. Muna ganin ta sosai: dattijon da ya daɗe ba ya gani da ido ɗaya, rana ɗaya idon ya kama ciwo. A sauke matsi, a cire yanar da gaggawa. Da an cire ta tun farko, da ba a kai nan ba.

Ta biyu, wadda ke biyo bayan turin yana na gargajiya, inda ake soka wani tsinke a tura lensin cikin ido. Binciken ƙasa da na ambata ya gano kashi 8 cikin 100 na gilakomarmu wata cuta ko rauni ne sanadinta, kuma a cikinsu turin yana shi ne kan gaba da kashi 38, sai rauni 21, sai kumburin cikin ido 19. Wannan makanta ce da ake saye da kuɗi, ya kamata mu haɗu mu kawo ƙarshenta.

Ta uku, wadda ciwon sukari ko toshewar jijiyar jinin bayan ido ke kawowa. Bayan ido yakan rasa isasshen jini, sai wasu sababbin jijiyoyi marasa kyau su tsiro a kan baƙin ido su ɗinke kusurwar. Huda rami ba ya maganin wannan. Sai leza a bayan ido, da allurar cikin ido irin su Avastin, sau da yawa har da tiyata. Tana da wuyar magani, don haka mai sukari ya riƙa kai idonsa ana dubawa duk shekara.

Ta huɗu, kumburin cikin ido da ke manne bakin ƙofar haske da lensi. Ta biyar, wadda tofiramet ke jawowa, maganin farfaɗiya da ciwon ɓarin kai da ake sayarwa da sunan Topamax. Takan kama ido biyu lokaci guda, galibi a makonnin farko na shan maganin, ganin nesa ya dusashe farat ɗaya. A nan abin juyawa yake yi: leza ba ta amfani, filokafin yana ƙara ta'azzara ta, maganin shi ne likita ya tsayar da ƙwayar a ɗiga atirofin. Haka ma wata toshewar da kan biyo bayan tiyata a ƙaramin ido, inda ruwa yake juyawa baya ya turo komai gaba. Kun ga maganin da yake tayar da wata toshewar shi ne yake warkar da wata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna haɗarin ɗiga abin da ba likita ya rubuta ba. Magungunan ɗigawa masu sitiroid da ake saya don ƙaiƙayin ido ma, idan aka daɗe a kansu, suna hau da matsi su makantar, har da yara.

Bayan magani

Wanda aka yi wa leza ko tiyata bai gama da asibiti ba. Za a ci gaba da auna matsi, da duba kusurwa da jijiya da faɗin gani. Wanda aka ɗora a kan maganin ɗigawa kada ya tsayar don ba ya jin ciwo. Da azumi mukan ga mutane sun ajiye maganin wata guda, kuma wata guda yana iya cin abin da ba zai dawo ba. Yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ne da dare ko sau biyu a yini, ana iya ɗiga su da sahur da bayan buɗa-baki. Idan aka rufe ido aka danne lungunsa na wajen hanci na minti biyu bayan ɗigawa, maganin ba ya saurin gangarawa maƙogwaro, kuma ya fi zama a idon. Wanda maganinsa ya fi sau biyu, ya tattauna da likitansa da malaminsa kafin azumi ya kama.

Kammalawa

Ga jama'a, duk wanda ya kai shekara 40 ya je a duba idonsa ko ba ya jin komai. Wanda aka ce yana da gilakoma ya tambayi likita, "Wace iri ce? An duba kusurwar idona?" Haƙƙinsa ne. Ya kuma kawo 'ya'yansa da 'yan'uwansa.

Ga masu shagunan magani da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ku ne farkon waɗanda mara lafiya yake gani. Dattijo ko dattijuwa mai ciwon kai da amai, ku kalli idonsu ku haska tocila. Jan idon da ya zo da raguwar gani, kada ku ba da magani, ku tura a ranar. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, akwai sassan ido na asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Bauchi da Maiduguri.

Ga abokan aikina likitoci, kada mu rubuta wa kowa maganin gilakoma sai mun ɗora gilashi mun leƙa kusurwa, kuma mu koya wa ɗalibanmu har hannunsu ya saba.

Ga gwamnatoci da masu hali, gilashin goniyoskofi a kowane sashen ido, magungunan gaggawa a kowane babban asibiti, da na'urar leza mai aiki a kowace jiha, abubuwa ne da ba su fi ƙarfinmu ba. Ga iyayenmu sarakuna da malamai, muna roƙon ku isar da wannan saƙo a fada da masallatai da majami'u, musamman maganar turin yana da jiran yana ta nuna, domin maganarku tana isa inda tamu ba ta isa.

Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.